Shafen Sabuwa

A ƙasar Galma akwai wani ƙauye da ake kira Gidan Ayuba, a jingine da dutse, ƙorama na bi ta ƙasansa. Nan Sabuwa ta yi aure, nan ta tsufa. Mijinta Jika manomin gero da wake ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ta taka masa ƙafa sai ya ce mata sannu. Ita kuwa Sabuwa gajera ce mai faɗin kafaɗa, bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta, tafin hannunta ya yi kaushi kamar bayan ƙwarya saboda taɓa ƙasa.

Sana'arta shafen ɗaki. In magina sun gama gini sun yi yaɓe sun tafi, ita ake kira ta gyara ciki. Ta toshe tsaga, ta goge bango da dutse mai santsi, sannan ta shafe shi da launi. Matan da ke wannan aiki a ƙauyukan yankin launi biyu suka sani, farar ƙasa da jar ƙasa, kuma Sabuwa ta gaji duka biyun wurin gwaggonta.

Tun tana amarya, wata rana ta je itace ƙasan ƙorama, inda ruwan damina ya zaftare gaɓa, sai ta ga wani zirin ƙasa kwance a jikin gaɓar, faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Shi ba fari ba, ba ja ba, ba kuma toka ba. Ta gutsuro ta murza, ta ji laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Ta ƙulle a bakin zane ta kawo gida.

Shekara uku ta yi tana gwaji a bangon ɗakinta kafin ta gane kan abin. Ƙasar tana son jiƙo na kwana uku, a tace ta da tsohon zane, a zuba tokar kara tafi ɗaya, da ɗan ruwan bagaruwa, da ƙaro don ta kama bango. Shafe uku ake yi, kowanne a bar shi kwana biyu ya sha iska, ƙofa a rufe da tabarma don kada rana ta gaggauta shi. In ya bushe sai bango ya fito da launin ƙirjin kurciya. Da safe ya ɗan yi ja-ja, da rana ya koma kamar yashin da ruwa ya wanke. Hayaƙi ba ya nuna kansa a jikinsa, shatin hannu ma haka. Ƙoren da ta jera da tasoshinta biyu na tagulla sai suka fito kamar an sake su.

"Bango ba amarya ba ne," in ji ta. "Aikinsa ya ja baya ya bar wa kaya wuri."

Matsalar ita ce, ita kaɗai ke ganin haka.

Wadda ta fara sa ta aiki da wannan ƙasa maƙwabciyarta ce, Saude, lokacin da za ta kai ɗiyarta ɗaki. Sabuwa ta lallashe ta har ta yarda, ta yi kwana tara tana aiki. Ran da ta cire tabarmar ƙofa ta kira Saude ta zo ta gani. Saude ta shiga, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ce, "Madalla, kin goge shi da kyau. To yaushe za ki fara shafen?"

"Ai shafen ke nan, Yaya."

"Wanne?"

"Wanda kike kallo."

Saude ta kai yatsa ta dangwali bangon, ta duba yatsan. "Sabuwa, ki ji tsoron Allah. Dangin miji su taho su ce mun kawo ɗiya cikin ɗakin da ba a shafa ba? Wannan ai ƙasa ce kinka ɗora bisa ƙasa."

Washegari Saude ta kira wata mata daga ƙauyen gaba, ta malale bangon da farar ƙasa, ta bi shi da ɗigo-ɗigon shuni. Ƴan biki suka yi ta yabo. Kafin wata uku hayaƙi ya mayar da farin ruwan ɗorawa, yara sun bar shatin yatsunsu ko'ina a gindin bango. Sabuwa ta nuna wa Saude. Saude ta ce ai biki ya riga ya wuce.

Da ta kai wa Jika ƙara sai ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ki ba mutane abin da sunka ce."

"Ko da ba shi da kyau?"

"Su za su kwana ciki, ba ke ba."

Haka ta yi. Shekara da shekaru tana shafa wa mutane fari da ja, tana yi tana tsaki. Duk gidan da ta shiga sai ta kawo zancen ƙasarta, duk gidan kuma sai a yi mata dariya. Har suka sa wa launin suna, suna ce masa "ba-a-gama-ba". A shekarar da fara ta cinye gonaki babu wanda ya yi zancen shafe ma, kowa ta cikinsa yake yi. Da aka samu sauƙi aka koma biki da gini, aka kuma koma fari da ja. A duk ƙasar Galma ɗaki ɗaya ne mai launin kurciya, nata.

Wajen 1937 aka turo wani Bature kula da aikin hanya tsakanin Madawa da Buza. Ya sa aka gina masa masauki a kan wani tudu, tafiyar rabin yini daga Gidan Ayuba. Wata rana da tsakar rana motarsa ta mutu daidai ƙauyen, matarsa na ciki, zafi ya kusa kayar da ita. Gidan Jika ne a bakin hanya, don haka tafintansu, wani mutumin Ƙonni mai suna Dauda, ya yi sallama ya roƙi a ba Madam inuwa. Sabuwa ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta, ta kawo ruwan randa.

Baturiyar ta sha ruwa, ta jingina. Can sai ta miƙe ta shafa bangon da tafin hannu, ta ja da baya ta ƙara kallo, ta je bakin ƙofa ta kalle shi daga can. Ta yi wa Dauda magana mai tsawo.

"Inna," in ji Dauda, "tana tambaya wa ya yi wannan."

"Ni ce. In bai yi mata ba ta yi haƙuri, babu wani ɗakin."

"A'a, cewa ta yi tunda ta zo ƙasar nan ba ta shiga ɗakin da idonta ya huta ba sai wannan. Ta ce farin bangon gidansu yana sa mata ciwon kai."

Sabuwa ta ajiye moɗa. Shekara ashirin tana jiran wani ya faɗi wannan magana, ga shi ta fito daga bakin da ba ta jin yarensa. Daɗi ya kwashe ta, ta shiga bayani, jiƙo da tata da bagaruwa da ƙaro. Da aka tambaye ta inda ake samun ƙasar, da kanta ta fita ta nuna ƙoramar da hannu.

Bayan kwana goma sai ga gardi biyu, dogaran Bature, a kan dawaki, daidai lokacin noman farko, ciyawa na neman rufe gero. Suka ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya. Maza su haƙa, mata su ɗauka zuwa masauki, Sabuwa kuma ta bi su ta shafe ɗakuna biyar.

Ta ruga ƙorama ta tarar an riga an fara. Maza goma sha wani abu da diga suna sarar gaɓar tun daga sama, ja da yashi da tsakuwa duk suna zubowa kan zirin.

"Ku tsaya! Ba haka ba ne! Wannan siririn kaɗai ake so, da hannu ake ɗibarsa!"

Babban gardin ya ce shi kwando aka ce ya cika, ba a ce ya zauna tsince-tsince ba. Ta ce ɗaki biyar kwando talatin ya ishe su in an ɗiba da hankali. Ya ce shi ba a gaya masa talatin ba, an ce a kawo da yawa. Ta ƙara magana, ya ɗaga bulala, ta ja da baya.

Kwana shida matan ƙauye na jigila a ka, su tafi da safe su dawo da la'asar, ƙafafu a kumbure, gonaki na can ciyawa na ci. A masauki Sabuwa ta zauna tana tsince tulin da aka zube, fiye da rabi ba shi da amfani saboda an gauraya shi. Matan da ta yi shekaru tana daka da su suka daina amsa gaisuwarta. Saude ce kaɗai ta yi mata magana, ran na huɗu, bayan ta sauke kwandonta.

"Kin gani ko? Munka ce ba mu so, kinka ƙi ji, sai da kinka samo wanda ya fi ƙarfinmu ya so mana shi."

Sabuwa ma abin da take gaya wa kanta ke nan.

Ta yi kwana arba'in a masaukin. Bangayen dogaye ne, sai da aka kafa mata tsani. Da fari sai da ta kankare tsohon farin duka. Madam kullum sai ta leƙo ta ce a yi sauri, tana da baƙi daga Tawa. Sabuwa ta ce wa Dauda, "Gaya mata in tana son sauri ta koma ga farinta. Wannan ba ya jin umarni, sai ya sha iska." Dauda ya juya ya faɗi wani abu gajere yana murmushi, Madam ta gyaɗa kai ta tafi.

"Mi kac ce mata?"

"Na ce kin ce to."

Duk da haka ba ta gaggauta ba, ta yi shafe uku cif. Ran da ta gama babban ɗakin ta buɗe tagogi, hasken hantsi ya shigo ya kwanta a bangon. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ita kaɗai. Ba ta taɓa ganin launinta a fili mai faɗi haka ba, kuma ta san ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Madam ta ba ta zane da ƙullin gishiri. Ta ɗauki ragowar ƙasar da ta tace, cikin ƴar tukunya guda, ta kama hanyar gida.

Kafin ta shiga gida sai da ta biya ƙorama. Inda gaɓar take sai wani wawakeken rami. Abin da diga ta bari, ruwan damina ya kwashe. Ta bi ƙoramar sama da ƙasa kwana uku tana tono da hannu, ba ta samu ko cikin cokali ba. A kakar nan geron ƙauyen bai yi auki ba, kowa kuma ya san wanda zai zarga.

Shekara biyu da wani abu bayan haka yaƙin Turawa ya ɓarke, aka ɗauke Baturen da matarsa, aka kawo wani. Ba a jima ba gardi ya zo ya ce ana kiran Sabuwa a masauki. Ta ɗauka gyara ne, wataƙila wani wuri ya ɓantare. Ta ɗauko ƴar tukunyar nan da ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ta ɗora a ka.

Dauda ta tarar a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ita. Kusa da shi ga buhunan farar ƙasa a jere.

"Inna, sabon ya ce bangon ya yi datti. Ya ce a mayar da shi fari."

"Datti a ina? Nuna mini."

"Ba wani wuri ba ne. Launin ne ya ce na datti."

Ta shiga ta duba. Babu tsaga ko ɗaya, babu inda ya ɓantare, yana nan kamar jiya ta gama. Ta fito ta ce, "Ka gaya masa mutanen ƙauye guda sunka bar gonakinsu don wannan bango. Ka gaya masa ƙasar ta ƙare, in anka rufe shi babu mai sake yin irinsa. Kuma kada ka ce masa na ce to."

Dauda ya shiga, ya daɗe, ya fito. "Na faɗa masa duka, wallahi. Ya ce an gaya masa ke kika fi kowa iya shafe a nan, shi ya sa ya ce a kira ki. Ya ce kwana uku."

"A nemo wata."

"Inna, ki dubi wancan," ya nuna gardi da haɓa. "Ki rufa wa kanki asiri."

Da hannunta ta rufe shi. Launin ya ƙi ɓoyuwa a shafen farko, yana leƙowa ta ƙarƙashin farin, sai da ta yi sau uku. Ran da ta gama, ta zagaya bayan masaukin ta kife ƴar tukunyarta a kan juji, ta taka ƙasar da ƙafa. Ba ta kai rabin hanya ba ta fara cizon yatsa, amma ba ta koma ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai yana gaba. Ashe a shekarun nan labari ya bazu cewa matar Bature ta ƙi fari ta zaɓi launin wata mata ta Gidan Ayuba. Matan fatake na Madawa suka fara aiko mata, suna son "launin bariki" a ɗakunan ƴaƴansu. Daga Buza ma aka zo. Har Saude, da za ta aurar da autarta, ta shigo da sallama da fara'a.

"Ƙanwata, irin naki nike so a yi mata. Yanzu shi ake yayi."

Sabuwa ta ce, "Ba-a-gama-ba kike so?"

"Haba, wancan ai zance ne ya wuce."

"To ƙasar ma ta wuce. Ke da kanki kinka ɗauke ta a ka."

Da masu nema suka yi yawa, ita kuma ba ta da abin ba su, sai wasu matan suka shiga yi. Su kwaso laka a tabki, su dama da toka, su shafa sau ɗaya, su ce shafen Sabuwa ne. Yana bushewa ya yi duhu kamar cikin rumbu, ya tsattsage, wanda ya jingina kuma ya tashi da shi a baya. Wata ranar kasuwa a Sabon Gida, Sabuwa na cinikin barkono, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta tsaya a kanta.

"Ke ce Sabuwa mai shafe? To Allah ya isa. Shafenki ya ɓata wa ɗiyata zanen aurenta."

"Ni ban taɓa taka gidanki ba, baiwar Allah."

"Oho. Sunanki anka faɗa mini."

Ta dawo gida ko barkonon ba ta saya ba. Jika na gyaran ƙotar kalmensa na noma a inuwa, ta zauna ta zazzage masa. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Ai kin yi suna ke nan."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Akwai wani makiyayi, Dodo, da ke sauka da shanunsa a gonar Jika kowace kaka, su ci kara su bar taki. Yana jin Hausa kamar Fulatanci, kuma ya san kowane kwari daga nan har arewa. Shekarar da aka daina aikin dole, bayan yaƙi, ya leƙa ɗakin Sabuwa karɓar fura, ya ga bangon, wanda a lokacin ya tsufa ya fara zubewa don babu abin gyara shi. Ya ce ya taɓa ganin ƙasa mai wannan kama a wani kwari gabas da Keita, inda shanunsa ke lasa.

Sabuwa ta hana Jika sakat. Ya ce a bari sai an kai amfanin gona gida, ta bari. Ya ce a bari sanyi ya wuce, ta bari. Ya ce jakin ya rame. Sai da bazara ta yi nisa, ranar da ta ɗaura zane ta ce za ta tafi ita kaɗai, sannan ya ɗora wa jaki mangala ya bi ta.

Kwana uku suka yi a hanya, suna hawa dutse suna sauka. Suka sami kwarin kamar yadda Dodo ya kwatanta. Ƙasar tana nan. Ta murza, ta jiƙa da miyau ta shafa a bayan hannu, ta jira ta bushe. Ta fi tata ta dā ɗan rawaya kaɗan, amma da ƙarin toka za ta zo daidai. Wuni biyu tana ɗiba da yatsu tana waƙa, tana cire tsakuwa ɗaya-ɗaya, har mangala ta cika gefe biyu. Jika ya ce rabon da ya ji tana waƙa tun suna yara.

A hanyar dawowa, saura yini ɗaya su iso gida, hadari ya taso, ruwan farko ya sauka a kan duwatsu. Kafin su kai wata ƙorama da suka ƙetare a bushe ran tafiya, ruwa ya fara gudu a cikinta, iya gwiwa. Jika ya ce su jira ya janye. Sabuwa ta dubi sama ta ga wani hadarin na haɗowa, ta ce in suka tsaya ruwan sama zai jiƙa kayan, gara su ƙetare. A tsakiya jakin ya zame ya durƙusa. Gefe ɗaya na mangalar ya nutse, ruwa ya shiga ya fita da launin ƙasar, tana kallo. Suka ja jakin da ƙyar suka fitar. Ɗaya gefen ma rabinsa ya narke.

Jika ya buɗe baki, ta ce, "Kada ka ce komi." Bai ce ba.

Abin da ya rage, da ta jiƙa ta tace, bango ɗaya zai iya, in ana son shafe uku. Jika ya ce ta tsinka shi da ruwa ta yi shafe ɗaya ya zagaye ɗakin. Ta ƙi. Ta kankare tsohon shafen duka, ta zaɓi bangon da ke kallon ƙofa ta yi masa uku, sauran ukun ta bar su da yaɓen magina.

Jika ya yi alkawarin su koma Keita da rani. Kafin ranin gwiwoyinta suka kumbura, ko rijiya ba ta iya zuwa. Ta daina shafe gaba ɗaya, ta koma kaɗin auduga a bakin ƙofa. Masu zuwa neman aiki ta ce musu su je wurin masu lakar tabki. Ta rasu a damina ta 1949. Jika ya koma ɗakin zaure, nata kuma aka riƙa zuba wake a ciki, har ya yi damina huɗu rufin ya rufta.